Ladan Mai Ajiya: A Tuna Da Manomin Da Ya Bar Gawo A Gonarsa



A wani taron manoma da muka yi kwanan baya a ƙasar Ajingi, bayan mun gama zancen iri da taki, wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, na ji a rediyo wai yanzu a ƙasashen Turawa ana biyan kuɗi domin a kama iska a binne ta. Ashe har iska ta shiga kasuwa?" Jama'a suka bushe da dariya. Mu ma mun yi dariya, amma da muka koma gida muka ga tambayar tsohon ba ta wasa ba ce. Abin da ya ji gaskiya ne. Har wa yau kuma, shi kansa yana yin irin wannan aiki a gonarsa tun kafin a haife mu, ba wanda ya taɓa ba shi ko anini. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana al'amarin a wannan fitowa, mu kuma faɗi ra'ayinmu a fili.

Wace iska ce wannan?

Duk sa'ad da aka ƙona itace, ko gawayi, ko fetur, ko kwal, wata iska takan fita tare da hayaƙin. Ido ba ya ganinta, hanci kuma ba ya jin ƙanshinta. Masana suna kiranta kabon dayoksaid, mu dai za mu ce da ita iskar kabon. Ba muguwar halitta ba ce, gama da ita tsiro yake yin abincinsa. Amma in ta yi yawa a sama sai ta zama kamar bargo, ta hana zafin rana komawa inda ya fito. Kafin zamanin manyan masana'antu, cikin kashi miliyan ɗaya na iskar duniya kashi 280 ne nata. Yanzu ta wuce kashi 420. Daga nan ne ƙarin zafi da rikicewar damina suke samun ƙarfi. Afirka duka, da dukan jama'arta, ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na wannan iska, alhali kuwa mu da muke bakin hamada muna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Iyayenmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, sun san abin da ƙarancin ruwan sama yake yi wa gida.

Yadda ake biya a ƙasashen waje

Gwamnati tana da hanya biyu ta juya mutane da haraji. Ko ta ɗora wa mai ɓarna, ko kuwa ta sassauta wa mai gyara. Ƙasar Norwe ta bi ta farko. A 1991 ta sa haraji a kan iskar kabon da masu haƙar mai a teku suke saki. Da kamfanin man ƙasar ya yi lissafi, sai ya ga binne iskar ya fi biyan harajin sauƙi. Tun daga 1996 ya soma tura ta cikin duwatsun da ke ƙarƙashin teku, zurfin kimanin kilomita ɗaya, a wani wuri mai suna Sleipner.

Amurka kuwa ta bi ta biyu. A 2008 ta sa wani sashe cikin dokar harajinta, mai lamba 45Q, wanda ya ce duk masana'antar da ta kama tan ɗaya na iskar kabon ta binne, za a rage mata dala 20 daga harajinta. A 2022 aka ɗaga kuɗin har zuwa dala 85 ga wanda ya kama ta a bakin bututun hayaƙi, da dala 180 ga wanda ya tsamo ta daga sararin sama da inji. Wannan shi ne abin da dattijonmu ya ji a rediyo.

Amma kada mu ɗauka abin ya tafi sumul. A 2020 mai binciken kuɗi na baitulmalin Amurka ya duba rangwamen da aka karɓa daga 2010 zuwa 2019, wanda ya kai kimanin dala biliyan ɗaya. Ya tarar kamfanoni goma ne suka kwashe kusan duka, kuma kusan dala miliyan 900 an karɓe su ba tare da cika ƙa'idar nuna shaidar cewa iskar tana nan a binne ba. Bugu da ƙari, yawancin iskar da ake kamawa a can, tsofaffin rijiyoyin mai ake tura ta domin ta turo ragowar man, a sayar, a sake ƙonawa. Abin koyo a nan shi ne, rangwamen haraji yakan tafi wurin mai babban haraji da manyan akawu, kuma in ba a ƙirga da gaskiya ba, sai a biya ladan aikin da ba a yi ba.

Rumbun da Allah ya shuka

Yanzu mu dawo gida. Itace ma kama wannan iska yake yi, ba da inji ba, ba da man fetur ba. Ganye yakan sha ta da rana, ya mai da ita gungume da reshe da saiwa. Kimanin rabin nauyin busasshen itace kabon ne tsantsa. In aka yi lissafi, tan ɗaya na busasshen itace ya tsare iskar kabon wajen tan 1.8. Watau da masana'antar Amurka ce ta binne wannan adadi, da an rage mata haraji fiye da dala 150. Ku dubi tsohuwar tsamiya ko ɗorawa da ke tsakiyar gonarku, ku tuna da saiwarta da ke ƙasa, za ku gane irin ajiyar da ke tsaye a ƙasar Gaya da Ajingi.

Gawo kuwa ya fi su duka kirki ga manomi. Yakan zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi irin na wake da gyaɗa. Da rani ya yi ganye ya ba dabba inuwa, 'ya'yansa kuma abinci ne ga awaki da shanu. Kowane manomi ya san dawar gindin gawo ta fi ta fili.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasar Kano. Wani masani Bature, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin gonakin da ke kewaye da Kano. Shi da abokan aikinsa sun nuna cewa duk da yawan jama'a, manoman nan ba su ƙarar da itatuwan gonakinsu ba, suna kiwonsu ne kamar yadda ake kiwon dabba. Mutanen Gaya kuma sun san darajar itace tun tale-tale. Tarihin baka ya ce maƙeran da suka fara zama a dutsen Dala daga Gaya suka fito, maƙeri kuwa ba ya aiki sai da gawayin kirya.

Amma yau wannan rumbu yana yoyo. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsadar gas da kananzir ta mai da gidaje da yawa na birni ga itace da gawayi. Muna ganin motocin itace a kan hanyar Wudil suna nufar Kano. Mai gona da yaronsa ya kwanta ciwo, ko kuɗin makaranta ya taso, ba shi da abin sayarwa da sauri kamar itacen gonarsa. Ba mu ga laifinsa ba. Itacen da ya faɗi yana da mai saye nan take. Wanda yake tsaye kuwa, duk duniya tana cin amfaninsa, amma ba mai biya.

Abin da Maraɗi ta koya mana

Kafin mu ce a kawo kuɗi, bari mu dubi maƙwabtanmu. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashen itatuwa a jihar Maraɗi, yawancin dashen kuwa mutuwa yake yi. A 1983 ya lura cewa 'yan kurmin da manoma suke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon tsofaffin kututture ne masu saiwa da rai a ƙasa. In aka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Mutanen can suna ce da wannan sassabin zamani.

Da yunwar 1984 ta zo, aka riƙa ba manoma hatsi bisa sharaɗin su bar toho a gonakinsu. Suka bari. Amma da rabon hatsi ya ƙare, yawancinsu suka sare abin da suka raina. Me ya sa? Dokar daji da aka gada daga Faransa ta mai da itatuwa mallakar gwamnati, malamin daji yana iya cin mutum tara a kan itacen da ke cikin gonarsa. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai da hukumomi suka sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, ya kuma ga amfanin a tukunyarsa, sa'an nan aikin ya bazu daga gona zuwa gona. A 2004 Nijar ta gyara dokar dajinta. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta wajen miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 ta wannan hanya. Ba rangwamen haraji, ba inji, ba gandun reno.

A Humbo ta ƙasar Habasha an ƙara wani mataki. Daga 2006 ƙungiyar World Vision ta taimaki ƙauyuka suka kafa ƙungiyoyin gama kai guda bakwai, gwamnati ta ba su takardar iko a kan tuddai fiye da hekta 2,700, suka farfaɗo da dajin da wannan dabara. Bayan an auna kabon da itatuwan suka tsare, wani asusu na Bankin Duniya ya saya. Da kuɗin suka gina rumbunan hatsi, suka sayi injin niƙa. Ku lura da jerin abin. Iko a kan itace ya fara zuwa, ƙungiya ta biyo, kuɗi ya zo daga baya.

Ina Nijeriya ta tsaya?

A watan Nuwamba na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi. Dokar ta kafa majalisar ƙasa ta sauyin yanayi, ta kuma ɗora mata aikin tsara harajin kabon tare da hukumar tara haraji ta tarayya. A shekarar ce kuma Nijeriya ta yi alkawari a taron Gilasgo cewa nan da 2060 abin da take fitarwa ba zai fi abin da take tsarewa ba. Jihar Kano tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa, wanda aka kafa wa hukuma a 2015, tana kuma cikin shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 a 2021.

Rangwamen haraji domin aikin jama'a ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 2019 gwamnatin tarayya ta fito da umarnin da ya yarda kamfani ya gina hanya, a cire kuɗin daga harajinsa. Ta haka kamfanin Dangote ya gina hanyar Obajana zuwa Kabba a jihar Kogi. In ana iya yin haka domin hanya, ana iya yi domin itace.

To, ga inda damuwarmu take. Ranar da za a rubuta dokar rangwame domin tsare kabon, waɗanda za su zauna a teburin su ne masu siminti da masu mai da masu taki. Manomin Kademi ko na Toranke ba zai kasance a wurin ba. Ko da an ce an haɗa da shi, me za a rage masa? Tun 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a jihar Kano. Ƙaramin manomi ba ya cika takardar harajin kamfani. Rangwame a kan abin da mutum ba ya biya, daidai yake da yi wa marar doki alkawarin sirdi.

Abin da muke roƙo

Na farko, a tabbatar a rubuce cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne, kabon da ke cikinsa ma nasa ne. Bisa al'ada kowa ya san mai itace a ƙauye, amma Dokar Filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna da ƙananan hukumomi, ba ta kuwa san da wata dukiya mai suna kabon ba. Ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, tare da hakimai da dagatai da masu unguwanni, suna iya buɗe littafin itatuwan gona. A kuma fayyace rabon mai aron gona da mai riƙe da jingina, gama su ne suka fi saurin sassabe toho, tun da ba su san ko za su ci amfaninsa ba.

Na biyu, in za a rage wa kamfani haraji saboda itatuwa, a biya bisa itacen da ya rayu, ba bisa wanda aka dasa ba. Dukanmu mun ga bikin dashe, da manyan baƙi da masu hoto, bayan wata uku awaki sun gama da shi. A ƙirga bayan damina uku. A ƙirga tohon da aka raina daidai da dashe. A kuma rubuta cikin doka kason da zai shiga hannun masu gonakin.

Na uku, a sassauta wa manomi a inda yake biya da gaske. Yana biyan kuɗin rasit a kasuwa in ya kai hatsi ko dabba, yana biya a kan hanya. Ƙungiyar da ta nuna itatuwanta a littafi, a rage wa 'ya'yanta waɗannan, ko a sa su gaba wajen rabon taki da iri. Wannan ba ya bukatar jiran Abuja.

Na huɗu, kada a manta da mata da makiyaya. Mace ce take neman itacen girki, ita take sarrafa kalwa ta yi daddawa, ita take shanya kuka. Bafulatani kuma yana dogara ga ganyen gawo da rani. Duk yarjejeniyar da ta hana su taɓa itace sam, ba za ta daɗe ba, faɗa kawai za ta haifar. A zauna da su a shirya yadda za a yi sassaka da datsa ba tare da kashe uwar ba.

Akwai masu cewa ajiyar itace ba ta kai ta dutse ba, gama itace yana iya ƙonewa ko a sare shi, iskar ta koma sama. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Shi ya sa ba mu ce a biya manomi dala 85 ba. Amma tsaron da ke bukatar mai gadi kowace shekara, ai shi ne ya fi cancanta a riƙa biyan mai gadinsa kowace shekara. Waɗansu kuma suna cewa wannan ciniki dabara ce ta masu arziki, su ci gaba da hayaƙinsu su bar mu da shara. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya. Itatuwan duniya duka ba za su iya shanye hayaƙin da ake yi yanzu ba, dole ne masu yi su rage. Amma ko sun rage ko ba su rage ba, gonar da ke da gawo ta fi wadda ba ta da shi.

Gargaɗi

Mun soma jin labarin mutanen da suke yawo da takardu a ƙauyuka, suna karɓar sunaye da hotuna, suna cewa kuɗin kabon yana tafe. Waɗansu na kirki ne, waɗansu kuwa Allah kaɗai ya san nufinsu. Ku sani cewa a 2023 da 2024 matsakaicin farashin tan ɗaya a kasuwar da kamfanoni suke saye don ganin damarsu bai kai dala 10 ba, kafin masu awo da dillalai su cire nasu. Irin wannan yarjejeniya kuma takan ɗaure gona shekara 20 ko 30. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba a gaban dagaci da shaidu. Ku tambaya shekara nawa, nawa ne kasonku, wa zai ƙirga, me zai faru in fari ya kashe itacen, kuma ko 'ya'yanku za su iya raba gado. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Namu aikin

Littafin Farawa ya nuna mana aikin farko da Allah ya ba mutum shi ne noman gona da kiyaye ta. A cikinsa kuma muka karanta yadda Yusufu ya karɓi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar a shekarun ƙoshi, ya ajiye, ya ceci jama'a a shekarun yunwa. Haraji ne, amma wanda ya komo wa masu biyansa da rai. Wasiƙar Yakubu kuwa ta yi kashedi mai zafi ga masu danne hakkin ma'aikatan gona. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da koyarwa mai ƙarfi a kan ladan mai shuka itace. Wannan aiki ne da za mu yi kafaɗa da kafaɗa, gama iska da rairayi ba sa tambayar addinin mai gona.

Saboda haka, kada mu jira doka. In lokacin sassabe ya zo, kowa ya zaga gonarsa kafin ya sa wuta. Inda ka ga tohon gawo, ko kalgo, ko sabara, ko magarya, zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran da wuƙa mai kaifi, ka ɗaura ƙyalle domin yara da masu kiwo su san da mai shi. Fara da kututture goma a kadada. Kowace ikilisiya ta sayi littafi ɗaya, a ba wani saurayi ko wata daga zumuntar mata, a rubuta sunan mai gona, da irin itacen, da kaurin gindinsa, da shekarar da aka soma renonsa. A gayyaci maƙwabta su shiga littafin. In mai sayen kabon ya zo da gaskiya, zai tarar da mu da lissafinmu a hannu, mu yi ciniki a tsaye. In kuwa bai zo ba, muna da itacen girki, da abincin dabba, da ƙasa mai ƙarfi da za mu bar wa 'ya'yanmu.

Wanda yake so a nuna masa yadda ake datsar, ya gaya wa mai bishara ko dattijon ikilisiyarsa, za mu zo har gona. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.